Gorar Ruwan Haidirojin da Ta Kusa Raba Ni da Yayana

Shekara 27 ke nan ina kasuwanci a Kwatano. Da tallar tocila da batir na fara a bakin Zango, yau kuma alhamdu lillahi ina da rumfar kayan wuta na cikin gida: fanka, injin markaɗe, butar dafa ruwa, dutsen guga da sauransu. Sau biyu a shekara nakan leƙa Guwanzu sayayya. Na sha ɗauko kayan da suka kwanta, na sha ɗauko waɗanda suka ƙare tun ba a gama kwance kwalinsu ba. Amma kayan da suka hana ni barci, sau ɗaya na taɓa ɗaukowa, kuma wata 'yar gora ce da ba ta kai tsawon hannu ba.

Gorar gilashi ce, a gindinta akwai wani ɗan inji da ake yi wa caji da wayar cajin salula. Ka zuba ruwa, ka danna maɓalli, sai shuɗiyar fitila ta kama, ƙananan kumfa su riƙa tasowa daga ƙasa kamar ruwa na shirin tafasa. Bayan 'yan mintoci fitilar ta mutu, shi ke nan, wai ruwanka ya zama "ruwan haidirojin". Mai shagon ya yi magana gajeriya, tafinta ya fassara ta da tsawo. Ya ce mutanen Japan shi suke sha, shi ya sa suke daɗewa a duniya. Ya lissafa mini suga, hawan jini, ciwon gaɓoɓi, tsufa, har da daji.

Ni kuwa lissafin da nake yi a zuci daban ne. Na san gidaje nawa ne a Zango ke da mai suga ko mai hawan jini. Na ɗauki guda 20 na gwaji, na kuma ajiye kafin alƙalami na guda 500.

Tsarabar Yaya

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni garin nan ina saurayi, shi ya ba ni jarin farko. Shekara takwas ke nan yana fama da suga da hawan jini, kullum da ƙwayoyinsa safe da dare, kullum kuma cikin ƙorafin tsadarsu. Da na dawo, gidansa na fara zuwa.

Na ce, "Yaya, ga tsarabarka."

Ya jujjuya ta ya ce, "Wannan kuma ta mece ce, Alhaji?"

Na ce, "An ce tana maganin suga da hawan jini."

Wallahi na ce "an ce". Amma a hankali na faɗe shi, sauran maganar kuma na faɗe ta da ƙarfi irin na mai talla. Abin da ya shiga kunnen Yaya shi ne ƙanensa, wanda ya je har Sin ya gani da idonsa, ya kawo masa magani. Ana haka kuma wani saƙon murya ya zagayo a WhatsApp, wani mai zaƙin baki yana cewa wanda ya samu wannan ruwa ya rabu da ƙwayoyin Bature. Yaya ya haɗa maganata da tasa, ya tattara magungunansa ya jefa a aljihun tebur, bai gaya wa kowa ba.

Wajen wata guda yana haka. Ƙishirwa ta dame shi, fitsarin dare ya ƙaru, ganinsa ya fara dishi-dishi. Shi kuwa murna yake yi, a zatonsa ruwan ne ke wanko ciwon. Wata asuba uwargidansa ta kira ni tana kuka, ta ce, "Alhaji, yi maza, yayanka ba ya gane mutane." Kwana shida ya yi a gadon asibiti. Da likita ya gama aune-aunensa ya juyo ya dube mu ya ce, "Wa ya ce masa ya daina shan magani?" Ɗakin ya yi tsit. Ni dai takalmina na tsaya kallo.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Amma daga ranar na ɗaura niyyar sai na san mene ne wannan abu da na ɗauko. Ina da 'ya mai karatun harhaɗa magunguna, tana jin Faransanci da Ingilishi. Dare da yawa muka zauna, tana karantowa tana fassara mini, ina tsayar da ita da tambayoyi irin na ɗan kasuwa. Abin da na fahimta shi zan zayyana muku.

Shi haidirojin ɗin mene ne?

Iska ce, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma duk cikin iskoki babu wadda ta kai ta rashin nauyi. Wani Baturen Ingila, Henry Cavendish, shi ya fara tantance ta a 1766, daga baya wani Bafaranshe, Lavoisier, ya raɗa mata sunan da ke nufin "mai haifar da ruwa". Dalili kuwa, in ta ƙone ta haɗu da iskar oksijin, ruwa ake samu.

A nan na ce wa 'yata, "To in haka ne ai kowane ruwa ruwan haidirojin ne." Ta ce, "Baba, da bambanci. Wanda ke cikin ruwa a ɗaure yake da oksijin, kamar siminti a jikin bulo. Wanda ake talla kuma iska ce sakakkiya da aka tura cikin ruwan, kamar gas ɗin da ke cikin lemon kwalba." Injin da ke gindin gorar yana amfani da lantarki ya farfasa ɗan kaɗan daga ruwan, ya saki iskar, ita ce kumfar da muke gani. Ashe dai gorar tana yin wani abu da gaske. Sauran magana ita ce ko abin da take yi yana warkar da ciwo.

Inda maganar ta samo tushe

Ba 'yan talla ne suka ƙirƙiro zancen daga sama ba. A 1975 wani masani mai suna Malcolm Dole da abokan aikinsa a jihar Tekzas ta Amurka suka sa ɓeraye masu dajin fata a cikin akwati mai cike da haidirojin, an matse iskar ninki takwas na wadda muke shaƙa, sai suka ga ƙarin ya ragu. Aikin yana da hatsarin gobara, mutane ba su bi ta kansa sosai ba.

Sai a 2007 maganar ta farfaɗo. Farfesa Shigeo Ohta da tawagarsa a wata makarantar likitanci ta Japan suka wallafa bincike a mujallar Nature Medicine. Sun toshe jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwar ɓeraye, irin abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, sannan suka buɗe ta. Ɓerayen da aka shaƙa wa iska mai kashi 2 cikin 100 na haidirojin, ɓarnar da ta samu ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ta sauran ba.

Bayanin da suka bayar shi ne: jikinmu yana ƙona abinci da oksijin kamar yadda murhu ke cin gawayi, kuma kowace wuta tana da tartsatsi. Wani tartsatsin jiki na amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta, wani kuma ɓarna kawai yake yi, yana cin naman jiki kamar yadda tsatsa ke cin kwano a nan bakin teku. Suka ce haidirojin yana kashe mugun tartsatsin ya bar mai amfanin, kuma saboda ƙanƙantarsa babu lungun jiki da ba ya shiga. Har yau akwai masana da ke jayayya da wannan bayani, suna cewa ɗan abin da ke shiga jiki ya yi kaɗan ya yi wannan aiki kai tsaye. Amma daga wannan takarda ne bincike ya ɓarke, kasuwa kuma ta riga binciken gudu.

Daga ɓera zuwa ɗan Adam

Kowane ɗan kasuwa ya san samfur daban, kwantena daban. Sau nawa aka nuna maka samfur mai kyau, kaya suka iso ka riƙe baki? To haka binciken magani yake. Gwajin ɓera samfur ne. Gwajin mutum 20 ma samfur ne. Sai an gwada a kan jama'a masu yawa, an raba su biyu, wasu an ba su abin, wasu an ba su ruwa zalla, ba majinyaci ba likita da ya san wa ya samu wanne, sannan ake cewa an buɗe kwantena.

Ga misalin da ya fi buɗe mini ido. Akwai ciwon karkarwar jiki da ake kira Fakinsin, wanda ya kama ɗan dambe Muhammad Ali. A 2013 likitoci a Japan suka gwada ruwan haidirojin a kan mutum ƙasa da 20 masu wannan ciwo, lita ɗaya kullum har mako 48, aka ga alamar sauƙi. Murna ta tashi. Sai aka sake gwajin da mutum 178 a asibitoci da dama har mako 72. Da sakamako ya fito a 2018, babu bambanci tsakanin masu shan ruwan haidirojin da masu shan ruwa zalla. Masu talla har gobe gwajin farko suke ambata, na biyun kuwa ba za ka ji shi a bakinsu ba.

Sai ciwon Yaya. A 2008 an yi wani gwaji a Japan da mutum 36, 30 masu suga, 6 kuma waɗanda suke bakin kamuwa. Sun sha kusan lita ɗaya kullum har mako takwas. An ga ɗan gyara a wasu awon kitsen jini, kuma huɗu daga cikin shidan nan awon sugansu ya daidaita. Abin a duba ne, amma mutum 36 a wata biyu ko unguwa ɗaya ba su cika ba. Babu kuma inda masu binciken suka ce mai suga ya ajiye maganinsa.

Gwajin da ya fi ba da fata a asibiti aka yi shi, ba a gora ba. Likitocin Jami'ar Keio ta Tokiyo suka jagoranci asibitoci 15, suka ɗauki mutanen da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da ita amma ba su dawo hayyacinsu ba. Wasu aka haɗa musu haidirojin kashi 2 cikin 100 a iskar da inji ke ba su har awa 18. Bayan kwana 90, kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka samu suna raye, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 61. Sai dai an shirya gwada mutum 360 ne, annobar korona ta tsayar da aikin a kan 73. Kuma a babban abin da suka fito aunawa, wato dawowar ƙwaƙwalwa daidai, ratar ba ta kai yadda za a rantse ba sa'a ba ce. Da suka wallafa a 2023, su da kansu suka ce sai an sake da jama'a masu yawa.

A lokacin koronar ma, hukumar lafiya ta ƙasar Sin ta ambaci shaƙar haidirojin haɗe da oksijin a cikin jagorar jinya da ta fitar a watan Maris na 2020. Wannan ma aikin asibiti ne da injinan asibiti, ƙarƙashin idon likita.

Lissafin ɗan kasuwa

Na tambayi 'yata, "Wai nawa ne ma ke shiga cikin ruwan?" Ta ce lita guda, in ba matse ta aka yi ba, iyakar abin da za ta riƙe kimanin miligiram 1.6 ne. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar shinkafa ba. In ka tara shi a matsayin iska, cokalin cin abinci ne da ɗan ɗori. Kuma ba ya zama. Ka bar kofi a buɗe, ya gudu. Ka zuba a robar ruwa, ya bi ta jikin robar ya fice, shi ya sa masu yin na kirki suke zuba shi a gwangwani ko jakar alminiyom. Wanda ka sha ma, yawancinsa ta numfashi yake fita cikin kamar awa ɗaya.

A Japan ɗin da tafinta ya yi mini kirari da ita, cibiyar kare masu sayayya ta ƙasa ta auna kaya iri 19 a ƙarshen 2016, na kwalba da na inji. Wasu abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta a jiki ba, wasu na cikin roba kuwa ba a samu komai ba sai ruwa. A shekarar ce kuma cibiyarsu ta binciken lafiya da abinci ta bayyana cewa babu isasshiyar hujja abin dogaro a kan amfaninsa ga mutane. Masu abin ke nan da bakinsu.

Wani abin dariya kuma, ashe kowannenmu yana yawo da injin haidirojin a cikinsa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinmu suna sakinsa kullum idan suna cin ragowar abinci, musamman wake da ganye da hatsin da ba a surfe ba. Wanda ya ci garau-garau da rana, abin da cikinsa zai haɗa kafin dare ya ninka na gorata.

A nan ne ma haidirojin ke da aikin da likitoci suka yarda da shi ba gardama, wato awo. Mutumin da madara ke kumbura wa ciki ko ta sa shi gudawa, kuma irinsu da yawa a cikinmu, akan ba shi sukarin madara ya sha, sannan ya riƙa hura numfashi a wata na'ura har kamar awa uku. In haidirojin ya hau a numfashinsa, an gane hanjinsa bai narkar da sukarin ba. Da irin wannan awo ake gano ƙwayoyin da suka yi yawa a ƙaramin hanji.

Yana cutarwa?

Iskar kanta ba guba ba ce. A 1988 masu nutso na wani kamfanin Faransa, Comex, sun yi aiki a zurfin da ya haura mita 500 a teku suna shaƙar iskar da kusan rabinta haidirojin ce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta hana sa shi a abin sha ba, Tarayyar Turai ma ta lissafa shi cikin abubuwan da aka yarda a sa a abinci, da lamba E949. Amma a lura, izinin abinci ne wannan. Ba su yi masa rajistar maganin suga ko hawan jini ko daji ba. In ka ga an buga hatimi a kwali, tambayi hatimin mene ne.

Hatsarin yana wasu wurare, kuma ina roƙon iyaye mata su riƙe waɗannan.

Na farko shi ne suna. Ruwan nan na wanke ciwo mai kumfa da ake sayarwa a kemis, wanda 'yan uwanmu na Najeriya da Gana ke kira "haidirojin" kawai, masu Faransanci kuma su ce "o oksijene", wani abu ne daban, sunansa haidirojin faroksaid. Ba a shan sa. Yana ƙona maƙogwaro da ciki, mai ƙarfinsa yana kisa. Kada wani ya ji ana yabon ruwan haidirojin ya ɗiga wannan a kofi, kada kuma a bar shi inda yara za su kai.

Na biyu wuta. Da zarar haidirojin ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. 'Yar gora ba ta tara mai yawa haka, amma manyan injinan shaƙa da ake tallatawa na gida, a ɗakunanmu na haya da risho da gas da maganin sauro na kunnawa, ba abin wasa ba ne.

Na uku, gora mai arha wadda ba ta raba iskokin da take fitarwa, in aka zuba mata ruwan famfo ko mai gishiri-gishiri, tana iya sakin kulorin a ruwan. In ka ji warin bilic, zubar. Akwai kuma ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, da magniziyom ake yin su, mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai ya tambayi likita.

Na huɗu shi ne wanda ya kwantar da Yaya, kuma ya fi sauran kisa: ajiye maganin da aka tabbatar saboda wanda ake zato. Suga da hawan jini ba sa sallama. Mutum yana jin garau suna cin ƙodarsa da idonsa da jijiyoyinsa.

Tsakaninmu 'yan kasuwa

Na san abin da ke tura mu. Muna zaune a ƙasar mutane, asibiti da tsada, wani likitan ma sai da tafinta, ga rumfa ba mai tsare maka. Duk wanda ya zo da abin da za a saya sau ɗaya a huta, kunnenmu a buɗe yake. Sannan kayan nan ta hannunmu suke shigowa. Mu ne ke zuwa Guwanzu da Dubai, mu ne mutanen unguwa da na gida suke gaskatawa, don mun je mun gani. Mai sayen fanka in ka yi masa ƙari a magana, iyakarta ya ji zafi. Mai sayen abin da ka kira magani, da ransa yake ciniki.

Shawarata uku ce. In dillali ya ce kaya na magani, tambaye shi a kan mutum nawa aka gwada, kuma wace hukumar magunguna ce ta yi masa rajista a ƙasar da za ka sayar. In ya lissafa maka ciwo goma da abu ɗaya ke warkarwa, riƙe aljihunka. In kuma kana da mai suga ko hawan jini a gida, kuɗin gora ka saya masa na'urar awo, ka kuma riƙa leƙa kwalin maganinsa kana ganin yana raguwa.

Ban ce a rufe littafin haidirojin ba. Masana suna kan aiki, wataƙila wata rana ya samu gurbinsa a ɗakin masu jinya ta gaggawa. In ranar ta zo, daga bakin likitoci za mu ji.

Guda 500 ɗin nan na soke su. Bayan doguwar jayayya a waya aka juya mini rabin kafin alƙalamina zuwa butocin dafa ruwa, rabin kuma ya bi ruwa. Ya yi mini ciwo, amma ko kusa bai kai na tsayuwar da na yi a gaban likitan nan ba. Waɗanda na riga na sayar wa na bi su gida-gida na warware maganata, mutum biyu suka dawo da nasu na mayar musu da kuɗinsu. Sauran suna nan a kan kanta. Wanda ya tambaya nakan ce masa gorar ruwa ce mai fitila da kumfa, in yana sha'awa bismilla, magani kuwa yana asibiti.

Na je na durƙusa na nemi gafarar Yaya. Ya ce, "Tashi, Alhaji, ai ba kai ka buɗe aljihun tebur ba." Gorarsa tana nan bai yar ba, wai ruwanta ya fi daɗi. Jiya da magariba na same shi a tsakar gida, ya ɓare ƙwayoyinsa biyu a tafin hannu, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Miƙo mini gorar nan taka in kora magani."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu.